Gubar da Ta Yi Tsallen Fara Zuwa Ƙasar Ƙanƙara

A ƙarshen shekarun 1980 wani likita mai suna Éric Dewailly, na Jami'ar Laval da ke Kwibek a ƙasar Kanada, yana binciken gubar masana'antu da ke shiga nonon mata masu shayarwa a garuruwan kudancin lardin. Ana cikin haka aka kawo masa nonon wasu matan ƙabilar Inuwit daga can ƙuryar arewa, bakin tekun Hudson, inda babu masana'anta, babu gona, ko hanyar mota ba ta haɗa su da sauran ƙasar ba. Ya ɗauka nonon zai fito tsaf, ya zama ma'aunin da za a gwada na matan birni da shi. Da sakamako ya fito, sai ga sinadarin da ake kira PCB ya ninka na matan kudu kusan sau biyar. Masu awon da farko sun zaci kuskure aka yi. Aka sake dubawa, haka abin yake, aka buga rahoton a 1989.

Tun da na karanta labarin nan tambaya ɗaya ke yi mini yawo: ta ina gubar ta bi?

An fara sarrafa PCB don sayarwa a Amurka a 1929, ana zuba shi a taransifoma da fenti saboda ba ya kama wuta da sauƙi. Shekara goma bayan haka Paul Müller na ƙasar Suwizalan ya gano DDT na kashe ƙwari, har aka ba shi lambar Nobel a 1948. Akwai kuma dildirin, wanda aka daɗe ana fesa wa farin dango a nan yankinmu na Sahel. Halinsu ɗaya: ba sa ruɓewa da wuri, ba sa narkewa a ruwa, amma da sun sami kitse sai su tare a ciki. Idan aka zuba su a ƙasa mai zafi, wani kaso ya tashi ya bi iska, ya sauka inda ya tarar da sanyi, zafi ya dawo ya sake tashi. Masana sun kwatanta wannan tafiya da tsallen fara. Zango bayan zango har ƙarshen duniya, inda sanyi ke danne su su kasa tashi. Tun tsakiyar shekarun 1960 aka ga alama, lokacin da aka sami DDT a jikin tsuntsayen fengwin na Antatika, a ɗaya ƙarshen duniyar.

Sai dai abin da ke sauka a ruwan tekun Aktik ɗan kaɗan ne ƙwarai. Abin da ke tara shi shi ne wa ke cin wa. Idan rana ta dawo bayan dogon duhun hunturu, wata gansakuka kan tsiro a ƙarƙashin ƙanƙarar da ta rufe teku. Wasu mitsi-mitsin halittu, dangin jatan lande, da ba su wuce ƙwayar shinkafa ba, su ke kiwo a kanta, su tara mai a jikinsu don guzurin hunturu. Wani ɗan kifi da ke fakewa a tsagogin ƙanƙara ya cinye su dubu-dubu. Sil, wata dabbar ruwa mai kaurin kitse da ke haihuwa a kan ƙanƙara, ta ci kifin. Farin beyar ya ci sil, shi ma kitsen ya fi so. A kowane hawa nama na narkewa ya wuce, gubar kuwa ta tsaya, mai ci ya gaji duk abin da waɗanda ya ci suka tara.

Mu nan abincinmu gero ne da dawa, naman da muke ci ma na dabbar da ta ci ciyawa ne, hawa ɗaya ke nan ko biyu. Su kuwa Inuwit a ƙololuwa suke ci, kafaɗa da kafaɗa da beyar, domin a ƙasar da ko tsinke ba a nomawa kitsen sil da na beluga shi ne tuwo, shi ne miya. Kuma nono kitse ne. Abin da uwa ta tara shekara ashirin, ɗan fari ke fara kwasa.

Ka dubi tsaka mai wuyar da likitoci suka shiga. A ce wa mata su daina shayarwa? A ce a bar farauta a koma abincin kanti da jirgin sama ke kawowa da ɗan karen tsada, mai jawo ciwon suga? Suka auna, suka ce a ci gaba da shayarwa, a ci gaba da cin abincin gado, amfaninsa ya fi haɗarinsa. Maganin yana wurin masu zuba gubar.

Nan ne labarin ya taɓo mu. Da aka zauna tattaunawar hana waɗannan sinadarai a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, Sheila Watt-Cloutier ce ta tsaya wa Inuwit. A taron Nairobi na 1999 ta miƙa wani sassaƙen uwa riƙe da ɗanta, aka riƙa ajiye shi gaban shugaban taro har aka gama. Amma cikin sinadarai 12 da ake son hanawa akwai DDT, wanda wasu ƙasashen Afirka ke fesawa a bangon ɗaki saboda sauro. Uwa a Aktik na tsoron nononta, uwa a nan na tsoron zazzaɓin cizon sauro da ke ɗauke yaro cikin kwana uku. Inuwit ba su nace sai an hana DDT ko ta halin ƙaƙa ba, kuma a ganina wannan ya ƙara wa maganarsu nauyi. Yarjejeniyar Stokholm da aka sa wa hannu a Mayun 2001, ta fara aiki a 2004, ta bar ƙofar amfani da DDT don yaƙi da cuta kawai.

Ta yi amfani. Awon da ake yi ya nuna PCB da DDT sun ragu a jikin dabbobi da mutanen Aktik, ko da yake a hankali, wasu sabbin sinadarai kuma na maye gurbinsu.

Yanzu ɗumamar duniya ta shigo ta dagula lissafin. Tun 1979 tauraron ɗan'adam ke auna ƙanƙarar tekun Aktik, kuma a Satumban 2012 ta ragu zuwa kimanin murabba'in kilomita miliyan 3.4, kusan rabin abin da aka saba gani a shekarun 1980. Ƙanƙarar nan ita ce gonar gansakuka, ita ce ɗakin haihuwar sil, ita ce dandalin farautar beyar. Idan ta narke da wuri, beyar ya daɗe a tudu da yunwa yana cin kitsen jikinsa, gubar da ke kwance cikin kitsen ta kwararo cikin jini. Kifaye daga kudu na hawowa suna sauya wa ke cin wa. Wani bincike da aka buga a 2011 kuma ya nuna cewa tsofaffin sinadaran da ƙanƙara da ruwan sanyi suka daɗe suna riƙewa sun fara tashi suna komawa iska, ciki har da waɗanda wasu ƙasashe suka daina sarrafawa tun shekarun 1970.