Tashar Malam Madori da Ƙarancin Malaman Boko

Malam Madori gari ne a ƙasar Hadeja wanda jirgin ƙasa ya raya. Sa'ad da aka ja hanyar jirgi daga Kano, ta bi ta Ringim, ta ƙure a Nguru cikin 1930, sai tasharsa ta zama matattarar gyaɗa, kamfanoni suka kafa sikeli, baƙi suka yi ta sauka. To, ciniki irin wannan ba ya tafiya sai da akawu mai rubuta nauyin buhu da lissafin kuɗi, galibin akawunan nan kuwa mutanen Kudu ne. Malaman allo kam suna nan ko'ina tun kafin Turawa su ci Hadeja cikin 1906, amma malamin boko, wanda zai koya wa ɗan ƙasa aikin akawu, a zamanin nan sai an tona.

Ba wai ba a fara da wuri ba ne. Makarantar da Dan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, da koya wa malamai aka soma ta. Cikin 1921 kuma aka kafa Kwalejin Katsina musamman don horar da masu koyarwa. Amma ɗalibi sai ya shekara biyar kafin ya fito, waɗanda suke fitowa kowace shekara kuwa ba su taka kara sun karya ba. Ga shi kuma En'e da siyasa suna ta zare su ɗaya bayan ɗaya. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato har aka naɗa shi hakimin Rabah cikin 1934, Abubakar Tafawa Balewa malami ne a Bauci, Malam Aminu Kano kuma daga makarantar Maru ya ajiye alli cikin 1950. Ƙasa ta ƙaru da shugabanni, aji ya yi hasara. Malaman elementare kuwa sai ƙananan makarantun horo, irin ta Toro a ƙasar Bauci, daga baya ta Wudil a Lardin Kano, inda Hadeja take a lokacin.

Jihar Yamma ita ta fara yin tsalle. Da ta mai da firamare kyauta cikin 1955, malamanta suka tashi daga wajen 17,000 zuwa 27,000 a shekara guda, da yawansu ba su da horo. Arewa ta bi a hankali. Shi ya sa ranar da aka sami mulkin kai cikin 1960, cikin yara wajen miliyan 2.9 da ke firamare a Nijeriya, na Arewa ba su kai 300,000 ba, alhali ta fi sauran jihohi jama'a.

Cikin 1970 malaman firamare na ƙasar duka ba su wuce kimanin 100,000 ba. Sai kuɗin man fetur ya zo. Janar Gowon ya yi alkawari a Sakkwato cikin 1974, Janar Obasanjo kuma ya buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowane yaro a watan Satumba na 1976. An yi tsammanin sababbin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3. Ɗakin karatu ana gina shi cikin rani guda, amma malami ba haka yake ba, tilas aka ɗebo waɗanda suka gama firamare kawai, da waɗanda suka faɗi jarrabawar malanta, aka ba su alli. A ƙauyukan Hadeja, inda da sai hedikwatar gunduma ke da makaranta, aka wayi gari ana karatu har a gindin itace. Kafin 1980 ta fita malamai sun haura 300,000, watau sun ninka uku cikin shekara goma. Don a horar da waɗannan suna bakin aiki aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna.

Daga nan sai abin ya tsaya cik. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, albashi ya riƙa makara wata da watanni, masu wata sana'a suka koma gona ko kasuwa. Cikin 1990 adadin bai fi na 1980 ba, yara kuwa ba su daina ƙaruwa ba. Hukumar kula da firamare da aka kafa cikin 1988 ta ɗan gyara biyan albashi, sai aka rushe ta cikin 1991, shekarar da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, aka sake mai da ita cikin 1993.

Tun shirin da aka sabunta cikin 1999 malamai sun ci gaba da ƙaruwa, an kuma ɗaga sharaɗin aikin daga takardar Giredi Biyu zuwa ta kwalejin ilmi, irin wadda Kwalejin Gumel ke bayarwa. Sai dai jimilla a takarda ba ta nuna inda malamin yake tsaye. Wanda aka tura Malam Madori, bakin kwalta, ba ya neman canji. Wanda aka tura ƙauyukan fadama, wajen Guri da Kiri Kasamma, in kogi ya kawo sai da kwalekwale zai isa aji. A ambaliyar 2022 kuwa makarantu da yawa na Jigawa masaukin waɗanda ruwa ya kora suka zama, ba a yi karatu cikinsu ba sai da ruwa ya janye.