Silsilar Makaɗan Piyano a Ƙasar Sifaniya

Duk wanda ya zauna a zauren malami ya ji ana ambaton Garnaɗa da Ishbiliya a cikin tarihin malaman Andalus, lalle zai yi ta'ajibi in aka gaya masa cewa unguwannin biranen nan sun sake fitowa, bayan ƙarnoni, a kan takardun kiɗan piyano. Isaac Albeniz, wanda aka haifa a 1860, shi ne ya tara kiɗa goma sha biyu cikin juzu'i huɗu ya kira su Iberia, ya raɗa wa ɗaya sunan Albaisin ta Garnaɗa, wani kuma Tiriyana ta Ishbiliya, alhali kuwa yana zaman baƙunta a Faransa, ciwon ƙoda na cinsa, begen gida kuma na ƙara masa.

To, amma rubuta kiɗa daban, fitar da shi gaban jama'a daban. Albeniz ya nemi piyano ta yi maganar jita da tafin hannu da dukan dugadugan masu rawa, saboda haka sai ka ga hannun hagu ya haye bisa na dama, yatsu goma suna cunkushe wuri ɗaya kamar masu rububin sadaka, ga kuma waƙa a tsakiya wadda tilas ta fito sarai. Wata Bafaranshiya, Blanche Selva, ita ta fara kaɗa juzu'i na farko a Faris a 1906, ta kai ga na huɗu a 1909, shekarar da ajali ya riski Albeniz.

Shi kuwa Enrique Granados da hannunsa ya fara kaɗa nasa kiɗan, Goyescas, a Basalona a 1911, kuma a ganina alherin da ya yi wa wannan sana'a ya zarce na kowa, domin tun 1901 ya buɗe makaranta, har ya wallafa littafi a kan yadda ake taka abin ƙafa na piyano, wato sirrin da ke sa sauti ya daɗe ko ya yanke. Ƙarshensa abin tausayi ne ƙwarai. Ya tafi Amurka a ƙarshen 1915, Shugaba Wilson ya gayyace shi ya yi kiɗa a fadarsa, wannan ya jinkirta komawarsa, sai ƙaddara ta haɗa shi da jirgin ruwan Sussex, wanda Jamusawa suka harba tsakanin Ingila da Faransa ran 24 ga Maris, 1916; shi da matarsa Amparo duk ruwa ya ci su, suka bar marayu shida.

Da makarantar ta mutu tare da shi, da takardu kaɗai za su saura, takarda kuwa ba ta gaya wa almajiri inda zai ɗan jinkirta, ko nauyin da zai ɗora wa yatsa, sai dai ya zauna gefen malami ya gani ya ji, kamar yadda ba a ɗaukar tajwidi sai daga baki. Almajirin Granados, Frank Marshall, ya riƙe makarantar, a hannunsa kuma wata yarinya 'yar shekara uku, Alicia de Larrocha, ta fara karatu. Gajeruwa ce, hannuwanta ƙanana, amma ta yi ta horar da yatsunta har ta riƙa zama gaban dubban mutane ta kaɗa Iberia duka a dare ɗaya, da ka, ba takarda a gabanta. Ta gaji shugabancin makarantar a 1959, ta yi sallama da dandali a 2003, ta rasu a Basalona, garin haihuwarta, a 2009, tana da shekara 86.