Yadda ake buɗe faifan kwamfuta da aka kulle daga wata kwamfutar

Kulle faifai hanya ce ta juya duk bayanan da ke cikin faifan ajiyar kwamfuta su koma lambobin da ba sa karantuwa sai da mabuɗi. Kullen a jikin faifan yake, saboda haka ko an ciro shi an haɗa da wata kwamfuta mai babbar manhaja daban, yana nan a kulle.

Ma'aikacin Ƙaramar Hukumar Tsanyawa da kwamfutarsa ta mutu, ko dillalin hatsin da lissafin basussukansa ke cikin tasa, yakan biyo hanya ta Bichi zuwa wajen masu gyara a Titin Beirut ko Farm Centre da ke Kano. A da, mai gyara kan ciro faifan ya kwashe takardun nan take. Yanzu faifan kan nemi mabuɗi, alhali mai shi bai ma san an kulle shi ba.

Dalilin da faifan ke ƙin buɗewa

Kullen Windows shi ne BitLocker, wanda Microsoft ya fito da shi a Windows Vista. Sabon zubin Windows 11 na shekarar 2024 yana kunna kullen da kansa a yawancin sababbin kwamfutoci da zarar an shiga da asusun Microsoft. Wata 'yar na'ura mai suna TPM da ke cikin kwamfutar ce ke sakin mabuɗin a duk lokacin da aka kunna ta. Idan aka raba faifan da ita, kalmar sirrin shiga Windows ba ta buɗe shi, sai mabuɗin ko-ta-kwana mai lambobi 48, rukuni takwas na lambobi shida-shida.

Ana samun wannan mabuɗi a asusun Microsoft na mai kwamfutar, ko a takarda ko filas da aka adana shi. Idan kwamfutar ofis ce, a nemi jami'in da ke kula da na'urorin ma'aikatar.

Buɗewa daga wata manhaja

Faifan BitLocker yana buɗewa a wata kwamfutar Windows da zarar an shigar da lambobin. A Linux ana amfani da dislocker, ko cryptsetup wadda ta fara karanta BitLocker a 2020. Kwamfutar Mac ba ta karanta shi sai da ƙarin manhaja.

Kullen Linux shi ne LUKS, wanda Clemens Fruhwirth ya ƙirƙiro a 2004. Windows ba ta gane shi, kuma takan nemi a goge faifan a shirya shi sabo. Amincewa da hakan na iya lalata sashen da ke riƙe da mabuɗin, bayanan su salwanta. Hanya mafi sauƙi ita ce a tayar da kwamfuta da Ubuntu daga filas, a shigar da kalmar sirrin.

Faifan Mac mai kullen FileVault ya fi buɗewa a wata Mac ɗin, amma a sababbin samfura ma'ajiyar tana ɗaure da na'urar, ba a amfana da ciro ta. Wanda ke yawo da faifai tsakanin manhajojin uku, VeraCrypt ta fi dacewa da shi, domin tana aiki a dukkansu.

Abin kiyayewa

A buɗe faifan don karantawa kawai, a kwafe takardun zuwa wani faifan kafin a taɓa komai. Kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta kutse cikin kwamfutar wani ba da izini ba.

Idan mabuɗi ya ɓata, Microsoft kansa ba ya iya sake ƙirƙiro shi, mai gyara kuwa abin da zai iya kawai shi ne goge faifan. A ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da kuskuren manhajar CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, gyaran da yawa daga cikinsu sai da ya jira wannan mabuɗi. Saboda haka a duba shi tun kwamfuta na da lafiya, a rubuta shi a takarda, a ajiye tare da takardun gida da na gona.