Liodon: ƙadangaren teku mai suna babu shaida

Liodon suna ne da masana suka ba wani jinsin manyan ƙadangarun teku da ake kira mosaso, dangin damo da maciji na nesa, waɗanda suka ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Yau yawancin masana ba sa dogara da sunan, kuma dalilin yana cikin yadda aka raɗa shi.

A 1841 masanin Ingila Richard Owen ya samu ɗan guntun muƙamuƙi mai haƙora daga duwatsun alli na ƙasarsu, ya kira dabbar Leiodon anceps. Ashe wani kifi ya riga ta ɗaukar sunan, sai Louis Agassiz ya mayar da shi Liodon a 1846.

Shaidar ta yi kaɗan tun farko, amma sunan ya samu kasuwa. A ƙarni na 19 Liodon ya zama ɗakin shirgi: ƙashin mosaso da aka rasa inda za a kai shi, nan ake jefa shi. Edward Drinker Cope na Amurka ya tura dabbobi da dama ciki, har da wadda Othniel Marsh ya ware a 1872 da sunan Tylosaurus. A 1892 Albert Gaudry ya ƙara nau'i biyu daga Faransa, compressidens da mosasauroides. Ba sakaci ba ne zalla, domin a lokacin cikakken kwarangwal yana wuyar samu, haƙori kuwa shi ya fi jure zaman ƙasa. Sai dai haƙoran mosaso sukan yi kama da juna, kuma ko a baki ɗaya na gaba ya bambanta da na baya.

A 2008 Anne Schulp da abokan aikinsa suka nuna cewa haƙoran samfurin Owen sun ɓace, kuma ƙashin da ya rage bai isa a bambanta dabbar da 'yan uwanta ba. Suka kwashe nau'o'in Gaudry biyu da wani nau'i na Cope mai suna sectorius zuwa jinsin Prognathodon. Hukuncin ya dace, tunda sabon ƙashi ba shi da abin da za a gwada shi da shi.

Wannan shakku bai shafi mosaso baki ɗaya ba. An haƙo ƙasusuwansu a nahiyoyi da dama, har a yankin Sakkwato, inda tsohon teku ya taɓa kwanciya, kuma a 1972 aka raɗa wa ɗaya Goronyosaurus, da sunan Goronyo.