Saura, daji da takarda: asalin rigingimun fili tsakanin masu ƙasa da hukuma

Wanda ya bi tarihin shari'un fili a Nijar zai tarar da wasu daga cikinsu sun samo tushe daga saɓanin kalmomi. Bahaushen Katsinar Maraɗi ko Damagaram yana rarrabe gona, da saura, da daji. Saura gona ce da aka bari ta huta. Ko itatuwa sun rufe ta, kowa a gari ya san gidan da ya sare ta tun farko, kuma gāmba ko duwatsun iyaka suna nan shaida. Dokar nasara ba ta san wannan bambanci ba.

Dokar 24 ga Yuli 1906 ta kawo rajistar filaye a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, ta 26 ga Yuli 1932 ta sake tsara ta. Amma wadda ta fi taɓa talaka ita ce ta 15 ga Nuwamba 1935. Ta ce duk ƙasar da ba mai ita ta hukuma ce, haka kuma wadda ba ta da takarda, in an yi fiye da shekara 10 ba a nome ta ko zauna ta ba. To, a jigawa, zamanin da ƙasa ke da yalwa, saura takan kai wannan adadi. Da alƙalami guda sai saura ta koma daji, dajin kuma ya koma na komanda. Sai a 1955, da dokar 20 ga Mayu, aka juya nauyin shaida: hukuma ce za ta tabbatar ƙasar ba ta da mai ita.

A birane matsalar wata ce. Idan hukuma ta yanka filaye, kamar yadda aka yi a Maraɗi bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 da aka mai da gari bisa tudu, takardar da akan ba mutum izinin zama ce, da sharaɗin ya gina. Mallaka cikakkiya sai da rajista. Faransanci yana da suna dabam ga kowace, amma tafinta da Hausa "takardar fili" yake ce musu duka. Magidanci ya adana ta cikin adaka shekara da shekaru, sai ranar da aka zo fitar da hanya ya ji cewa ƙasar ba tasa ba ce. A ganina, laifin tafinta kaɗan ne. Ba wanda ya taɓa zaunawa ya tsai da kalmomin.

Bayan ƴancin kai, dokar 61-37 ta 24 ga Nuwamba 1961 ta wajabta biyan diyya kafin a karɓi fili don amfanin jama'a. A Disamba 1974 Seyni Kountché ya shelanta cewa gona ta mai noma ta ce, abin da ya rikita aro da jingina, har masu gona suka riƙa tsoron ba da aro. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta daidaita haƙƙin gargajiya da na takarda, ta kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo. Tsakanin manoma, sarki ne ke fara sulhu kafin a je gaban alƙali, a rubuta abin da aka shirya a kai. Ana yin sulhun da Hausa, ana rubuta shi da faransanci, sannan manomi ya dangwala yatsa.