Ƙuri'ar da Ta Kawo Tsaunin Mambila Cikin Nijeriya

Wani mai karatu ya aiko mana da tambaya bayan ya dawo daga Gembu: wai da gaske ne tsaunin Mambila a da ƙasar Kamaru ne? Da gaske ne. Kuma ba da yaƙi ya shigo Nijeriya ba, ba kuma da alƙalamin Bature ba. Mutanen wurin ne suka jefa ƙuri'a, har sau biyu, kuma karon farko ba Nijeriya suka zaɓa ba.

Duk wanda ya bi hanyar Bali zuwa Serti, ya fara hawan dutse daga Mayo Selbe, ya san dalilin da ya sa ake son wurin. Mota na ta karya kwana a gefen rami, sai zafin ƙasa ya yanke, hazo ya sauko, a shiga tuddai masu ciyawa shar a tsayin kusan mita 1,600. A wannan yanki ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Rashin ƙudan tsando ya jawo Fulani da shanunsu a ƙarnin da ya wuce, sanyin kuma ya sa ganyen shayi ya karɓi ƙasar Kakara.

Tun kafin haka, mahayan Lamiɗon Banyo sun sha kai wa 'yan ƙabilar Mambila hari don kama bayi. Sai Jamus ta zo ta sa yankin cikin Kamaru. Da aka kore ta a 1916, Ingila da Faransa suka raba ƙasar, Mambila ta faɗa rabon Ingila a matsayin amana. Don sauƙin mulki, Turawan suka jingina ta da Lardin Adamawa, hakimai da alƙalai da masu karɓar haraji suna zuwa da sunan En'e ta Yola.

A nan ne gizo ke saƙa. Ranar 7 ga Nuwamba 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambayi mutanen Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila, tun daga Dikwa har Mambila: za ku shiga Jihar Arewa idan Nijeriya ta sami 'yanci, ko a ɗage maganar zuwa gaba? A Kaduna an ɗauka aikin gama ya gama. Da aka ƙirga, mutum 70,546 suka ce a ɗage, 42,788 kawai suka ce Nijeriya. Sardauna Ahmadu Bello bai taɓa shan kaye irin wannan a ƙasar da yake ganin tasa ce ba.

Har yau ana jayayya kan ma'anar wannan ƙuri'a. A Yawunde, fassarar ita ce zuciyar mutanen na wajen 'yan'uwansu na gabas, sun ƙi Nijeriya ne don su koma gida. Ni ban gamsu da wannan ba. Babu sunan Kamaru a takardar ƙuri'ar ma. Abin da ya fi kama hankali shi ne, talakan kan dutse, Bamambile ko Bachambe ko Bahigi, ya gaji da hakimin da aka turo masa daga nesa, wanda ba ya jin yarensa, ga haraji ga aikin tilas. An miƙa masa ƙuri'a karon farko a rayuwarsa, sai ya rama da ita. Hujjata ita ce abin da ya biyo baya: da aka taɓa En'e, sai ƙuri'a ta juya.

Sardauna, a ba shi haƙƙinsa, ya gane karatun da wuri. Aka cire yankin daga ƙarƙashin Yola, aka kafa sababbin En'e-En'e, ciki har da ta Gashaka da Mambila, aka sallami wasu hakiman da jama'a ke kuka da su. Daga Oktoban 1960 Ingila ta naɗa Sir Percy Wyn-Harris ya riƙe yankin dabam da Nijeriya. Sardauna kuma ya yi alkawarin cewa idan sun dawo, lardinsu za su samu na kansu, kafaɗa da kafaɗa da Kano da Sakkwato. A ɗaya gefen, shugaban Kamaru Ahmadu Ahidjo, Bafulatanin Garwa, yana da 'yan'uwa da masoya a yankin, amma ƙasarsa na fama da tawayen jam'iyyar UPC, kuma labarin kashe-kashe ba ya taimakon mai neman jama'a.

Aka sake zaɓe a ranakun 11 da 12 ga Fabrairu 1961, tsakanin shiga Nijeriya ko shiga Kamaru. Wannan karon har mata suka jefa ƙuri'a, bisa sharaɗin Majalisar Ɗinkin Duniya, alhali matan Arewacin Nijeriya sai a shekarun 1970 suka sami wannan dama. Nijeriya ta sami 146,296, Kamaru 97,659. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya zama Lardin Sardauna, hedikwatarsa a Mubi.

Ahidjo bai haɗiye ba. Ya mai da 1 ga Yuni ranar makoki a ƙasarsa, ya kai ƙarar Ingila Kotun Duniya, yana cewa ba ta raba mulkin yankin da Nijeriya raba na gaskiya ba. Ƙorafin nasa ba fanko ba ne, don ma'aikatan da Kaduna ta horar su ne dai suka ci gaba da riƙe ofisoshi, kuma kowa ya san inda suka karkata. Amma tazarar ƙuri'a sama da 48,000 ta wuce a ce aikin malaman ofis ce kaɗai. A Disambar 1963 kotun ta ƙi shiga cikin maganar, ta ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta riga ta rufe amanar, hukunci ba zai sauya komai ba.

Lardin bai daɗe ba. Ya shiga cikin Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, Mambila ta bi Gongola a 1976, sannan Taraba a 1991. Sunan ya rage a kan ƙaramar hukumar Sardauna da ke Gembu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka riƙe mutanen da aka roƙa kafin su shigo. Wurin da zai iya cika da baƙi duk hutun ƙarshen shekara, ga dajin Ngel Nyaki, ga gandun namun dajin Gashaka Gumti a gindinsa, har yanzu babbar hanya ɗaya ce ke hawa, kuma idan damina ta zaftare ta ko gada ta karye, kayan masarufi su yi tashin gwauron zabo a Nguroje da Gembu. Rikicin fili tsakanin manoma da makiyaya ya ci rayuka da dukiya a 2017. Madatsar wutar lantarkin da ake ta ambato fiye da shekara 40, wadda gwamnatin tarayya ta amince da kwangilarta ta kusan dala biliyan 5.8 a 2017 don samar da megawat 3,050, ta maƙale a rigimar 'yan kwangila har gaban masu sasanci a Paris, kuma ko ƙwai ɗaya ba ta kunna a Gembu ba.