Kunun Gyaɗa da Shinkafa: Tarihin da ke Cikin Ƙoƙo

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, don haka a mujallar bana muka ga ya dace mu waiwayi wani abu da kowannenmu ya tashi da shi, wato kunun gyaɗa da ake damawa da shinkafa. Duk abin da ke cikin wannan ƙoƙo yana da hanyar da ya biyo kafin ya iso madafin iyayenmu mata.

Shinkafa ce mafi daɗewa. Akwai irin shinkafar Afirka mai jan bawo, wadda aka fara nomawa a fadamun kogin Neja, ta wajen ƙasar Mali ta yau, fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Amma a ƙasarmu ta Kabo da Gwarzo gero da dawa ne cimar yau da kullum. Shinkafa sai mai 'yar fadama, shi ya sa ta zama abincin salla, da biki, da babban baƙo. Wanda aka dama wa kunun shinkafa a wancan zamani ya san an girmama shi. Ba ta wadata ba sai da noman rani ya kafu, bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, da ta Challawa da ke maƙwabciyarmu Ƙaraye a 1992.

Ita kuwa gyaɗa baƙuwa ce. Asalinta Kudancin Amurka, Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma tun ƙarni na 16. Gujiya ce tamu ta gado. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye, har aka riƙa jera buhuna ana yin dalar gyaɗa. Magidanci ya kai tasa kanti ya biya haraji, uwargida kuma ta ware nata mudun na mai da ƙuli-ƙuli da kunu. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan noma, dala ta zama labari, amma kunun bai bar gidajenmu ba.

Kayan ƙamshin ma matafiya ne. Kanumfari da kirfa daga ƙasashen Asiya suke, sunayensu kuma daga Larabci muka aro. Fataken Tarabulus da Gadamus sun riƙa ratso Sahara da irin waɗannan kaya zuwa kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), daga can 'yan koli su rarraba su kasuwannin ƙauye. Tsamiya kuwa a bakin gona take, zaƙi kuma na zuma ne ko mazarƙwaila, kafin sukarin kanti ya yawaita.

Ga yadda iyayenmu ke haɗa shi. A jiƙa gwangwani ɗaya na shinkafa ta kwana, a niƙa ta da 'yar citta da kanumfari, mai hali ya sa ɓallin kirfa. A soya gwangwani biyu na gyaɗa sama-sama, a murje bawon, a daka ta lilis, a dama da ruwa a tace. Madarar nan ake ɗorawa a wuta, ana kula da ita don kada ta yi bori. In ta tafasa sosai sai a zuba ƙullun shinkafar a hankali ana juyawa da muciya har ya yi kauri. Ruwan tsamiya da zaƙi su ne na ƙarshe, bayan an sauke tukunya. Da shi ake buɗa baki da azumi, ana ba mai jego da marar lafiya da yaron da aka yaye, domin gyaɗa na gina jiki, shinkafa kuma ba ta yi wa ciki nauyi.

Wannan hikima ba a Ƙasar Hausa kaɗai take ba. A Meziko akwai abin sha mai suna horchata: a jiƙa shinkafa da kirfa, a niƙa, a tace, a sa sukari a sha da sanyi. Sunan daga Sifaniya ya je can, inda mutanen Balansiya ke yin nasu da aya, kamar dai kunun ayarmu. Sun ɗauki abin da daraja har doka ta kare sunan ayarsu, kuma suna ƙarawa da wadda suke saye daga Afirka ta Yamma, ciki har da Jamhuriyar Nijar, inda yankin Maraɗi ya yi suna wajen nomanta.

Abin da ke damunmu shi ne, a gidajenmu na birni da yawa yaro ya fi sanin lemon kwalba da kayan gwangwani, 'ya'yanmu mata kuma suna kaiwa aure ba su taɓa tace madarar gyaɗa ba. Ilimin da ba a rubuce yake ba, ranar da tsohuwar da ta riƙe shi ta kwanta dama, ya tafi ke nan. Saboda haka muna kira ga 'yan uwa, in an kawo yara hutu gida, a bar su su zauna kusa da kakanninsu a madafi. In kaka ta yi, a sayi gyaɗa da tsamiya daga hannun manomanmu, kuɗin ya zauna a Gammo. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya albarkaci zuriyarmu, amin.